Ranar da turnabis ɗina ya narke a tablon injin niƙa

Na daɗe ina aikin kuran, wato wutar lantarki, a nan Garwa amma abinda ya sameni bara a wani injin niƙa kusa da babbar kasuwa, wallahi har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Alhaji mai injin ne ya kirani wai inji na ta yankewa, naje na buɗe tablo, wato akwatin rarraba wuta, na sauke babban dijonktar mai yanke wuta, hankalina kwance wai wuta ta mutu. Alhali dijonktar ƙasansa kawai yake kashewa, bakinsa na sama inda wayoyi ke shigowa daga kontar, wato mita, volt 380 na nan daram, kuma wanda ya haɗa tablon ya bar wajen tsirara, ko ɗan murfin roba babu.

Ina cikin ɗaure wani sukuru turnabis ya zame ya haɗa faz biyu, wato wayoyi biyu masu ɗauke da wuta. Wani farin haske da ƙara kaman bindiga, bakin turnabis ya narke, bayan hannuna ya ƙone, kwana biyu idona kaman an zuba yashi. Abinda yafi damuna yaron da nake koyawa aiki yana tsaye a kafaɗata, uwarsa ce ta kawo min shi amana.

Da na warke na zauna na sake duba ƙa'idar NF C 15-100 ta Faransa wadda muke bi a nan. Maganar a fili take, duk ƙarfen da ke ɗauke da wuta sai an kareshi aƙalla matakin IP2X ko IPXXB, wato abu mai kaurin milimita 12.5 bazai samu hanyar shiga ba, yatsa bazai kai ga wuta ba. Saman akwatin da hannu ke kaiwa sharaɗinsa yafi tsauri, IP4X, ko waya mai milimita 1 kar ta shige. Murfin kuma kar ya fita da hannu kawai, sai da makulli ko kayan aiki.

Yanzu duk tablon da na taɓa ina rufe bakin sama na dijonktar, sandunan jan ƙarfe in yanka plesiglas, robar nan mai kama da gilashi, in ɗaure a kansu da sukuru, ramukan da ba a sa komai ba in toshe dan ƙadangaru da ƙurar hunturu ta nan suke shiga. Kuma sai na auna da na'ura faz bayan faz kafin in sa hannu, tunda gidaje da yawa akwai gurup, wato janareta, ko sola da kan iya maido wuta ta baya.

Da na koma wajen Alhaji yace Malam wannan roba kuma ta mecece, ai ƙarin kuɗi ne. Na miƙa masa bayan hannuna nace Alhaji jikokinka nake gani suna wasa a gindin akwatin nan kullum da yamma. Yayi shiru yana kallon tabon, sannan yace in sa har da kwaɗo a ƙofar.