Kuɗin cefane daban, kuɗin hannun jari daban

Duk wanda ya taɓa sarin masara a kasuwar Giwa ya ajiye ya san yadda farashi kan karye buhu yana jibge a sito. Haka kasuwar hannun jari take. Idan ma'aunin farashinta ya sauka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye daga inda ya kai ƙololuwa, kuma ya daɗe a ƙasa, an shiga doguwar faɗuwa. A Najeriya an ga haka a 2008. A watan Maris ma'aunin ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari, domin banki ya tilasta musu sayarwa a lokacin da farashi ke ƙasa.

Lissafin yana da ɗaci. Jarin naira 100,000 da ya faɗi da rabi ya koma 50,000, kuma sai ya ninka kansa kafin uwar kuɗi ta dawo. Wanda bai sayar ba, asararsa a takarda take, muddin kamfanin na da ƙwari. Matsi ne ke sa a sayar: kuɗin makaranta, asibiti, taki. Shi ya sa nake ganin inda aka ajiye kuɗin buƙata ya fi zaɓen kamfani muhimmanci.

A Zariya yawancin rassan manyan bankuna suna wajen PZ da Sabon Gari, sai Samaru kusa da jami'a. Kafin ka buɗe asusu, tabbatar bankin na ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki. Tun 2024, idan ɗaya daga cikin manyan bankuna ya rushe hukumar na biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5, a ƙananan bankunan al'umma kuma miliyan 2. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin, kuma yana ɗaukar lokaci, kamar yadda masu ajiya a bankin Heritage suka gani bayan an soke lasisinsa a Yunin 2024. In kuɗinka sun wuce iyakar, raba su banki biyu. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Jaiz da TAJ.

Mai POS na bakin layi yana rage wahalar zuwa gari, amma ba ma'ajiya ba ne. Karɓi rasit, ka jira alat kafin ka tashi. Adashi kuwa amana ce zalla, babu inshora a bayansa.

Ware kuɗin da za su riƙe gida wata shida, ka bar su a banki. Rarar da ba za ka nema ba nan da shekara biyar, ita ce ta kasuwa. Sayi ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da ka saya, da sunanka, sunan ya dace da na BVN ɗinka harafi da harafi, don saɓanin suna na yawan maƙale ribar mutane. Saya kaɗan-kaɗan duk wata, a kamfanoni daban-daban. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar hawa da sauka, akwai sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, ana shiga da naira 10,000.