Ƙarshen wata ya zo, alat bai zo ba

Jumma'a, 29 ga Nuwamba, 2024. Sabon Tasha, Kaduna.

Sanyin hunturu ne ya tashe ni tun kafin wayata ta yi ƙara. Na yi addu'ar safe a cikin bargo, Allah ya gafarta mini, sannan na buɗe inda na tsaya jiya a wasiƙar Yakubu cikin Littafi Mai Tsarki, ƙarshen sura 4. Wurin nan ne da yake yi wa 'yan kasuwa faɗa, masu cewa yau ko gobe za mu gari kaza, mu shekara muna ciniki mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Lokacin da nake koyarwa na sha karanta wurin ina gyaɗa kai, don a ganina da wasu yake. Yau da ni yake. Na zarce sura 5, na kai aya 4, na rufe littafin da sauri. Zan dawo kanta.

Kafin in gama shan koko zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aikina ya cika. Wannan ta ce an ji alat na albashi kuwa, waccan ta ce shiru, wani ya turo hoton mutum ya yi tagumi. Wata goma ke nan da na bar makarantar, amma na kasa fita daga zauren, kuma duk ƙarshen wata sai na ji hannuna yana lalubar waya. Shekara bakwai jiki ya saba.

Na iso shagon ɗinkina bakwai da rabi, babu wuta. Tun duhun nan na watan Oktoba, da Arewa ta yi sama da mako guda ba lantarki, na daina fushi da wannan. Litar fetur ta haura naira 1,000, don haka janareto na wibin ne kawai, wato ɗaure bakin yadi da inji, shi ma sai an tara aiki. Na hau tsohon keken ɗinki na ƙafa, Butterfly, wanda Mama ta bar mini, yarinyar shago kuma ta hura gawayin dutsen guga. Ina ce mata yarinya ne don bakina ya saba, amma ta yi firidom, wato ta gama koyon ɗinki, a wani shago tun bara, hannunta a wuyan riga ya fi nawa kyau. Ba na faɗa mata kullum.

Wajen ƙarfe tara wata uwa daga Zumuntar Mata ta shigo da leda cike da atamfa, turmi biyar, na jikoki. Muka gaisa, ta tambayi Baba, ta zauna ta ce, "'Yata, kafin Kirsimati nake so." Na jawo littafin awo na duba, ko da yake na san abin da ke ciki. Kaya 31 ke jira, ga ankon biki na ranar 14, kuma na ɗaukar wa kaina ba na taka keke ranar Lahadi, ko da Disamba ce.

Duk tela ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Sai ka ce "Mama, kada ki damu," ka karɓi kafin alƙalami, ka cusa kayan ƙarƙashin tebur. Ranar 20 ka ce saura guga. Ranar 23 ka ce yaro ya tafi sayo zif. Ranar 24 ka kashe waya. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma mu teloli mun ji kunyar har ta daina yi mana ciwo. Ni kuwa kuɗin nan ina bukatarsa yau, ba gobe ba. Har bakina ya buɗe da "kada ki damu".

Na ce, "Mama, biyu zan iya kafin Kirsimati. Ukun sai satin farko na Janairu, in Ubangiji ya yarda."

Ta dube ni ta ce ina bangaskiyata take, ai babu abin da ya gagari Allah. Na ce haka ne, Mama, amma ƙafa biyu ya ba ni, keke kuma ɗaya. Ba ta yi dariya ba. Ta naɗe atamfarta duka biyar ta ce za ta gwada wani wuri. Ragowar 6,000 na kayan Ista da take riƙe da shi ba ta ambata ba, ni ma nauyin baki ya hana ni. Da ta fita yarinyar ta ce, "Anti, da kin karɓa, ai za mu yi dare." Na ce mu ci gaba da aiki. Cikina ya yi ta juyawa har wajen awa ɗaya, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji wata salama ta sauko mini ba. Haushi na ji.

Bashin 'yan'uwa cikin ikilisiya wani babi ne da ba wanda ya karanta mini kafin in buɗe shago. A littafina akwai 38,000 a waje, kuma fiye da rabi yana hannun mutanen da muke rera waƙa a benci ɗaya. Yaya za ki tare mace a ƙofar majami'a bayan an gama sujada ki ce ina cikona? Ita kuma ta san ba za ki iya ba.

Sha ɗaya na hau Keke Napep zuwa bakin titi, na shiga bas, muka haye gada zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Dole in isa kafin a rufe shaguna a tafi masallaci. Alhajin da nake sayen shafi da zare a wurinsa yana ganina ya ce, "Malama, an shigo?" Har yau Malama yake ce mini. Na biya shi 12,000 na wancan satin, na ɗauki sabon kaya, ya rubuta a ɗan littafinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ban taɓa sa hannu a takarda ba a wurinsa. Farkon zuwana na ce masa in ban dawo ba fa? Ya ce ai ba shi zan cuta ba. Mutumin nan ya koya mini abubuwa game da amana da ban ji a wani taron koyon kasuwanci ba, kuma na je guda biyu, har da wanda aka karɓi kuɗin shiga.

A cikin bas ina dawowa mai makarantar ta kira. Ta ce malamar aji huɗu za ta tafi a ƙarshen zango, in ina so kujerata tana nan, za ta ƙara mini a kan 45,000 da nake karɓa da. Muryarta da taushi. Na tuna watannin da albashi ke kaiwa ranar 12 ga wata mai zuwa, na tuna ranar da aka ce in ɗaga makin wasu yara don kada iyayensu su cire su, na ɗaga kuwa, na je gida na kasa cin tuwo. Amma na kuma tuna hutun Agusta da ake biya, da yadda ƙarfe uku na rana take zama tawa. Na ce zan yi addu'a a kai. Wannan ma, in zan faɗi gaskiya, rabinsa hanyar kashe waya ce cikin ladabi.

Na sauka Kakuri na leƙa Baba. Yana zaune a inuwar mangwaro da rediyonsa. Kuskurena shi ne na ba shi labarin kiran.

"Uwata, ki koma," in ji shi. "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Abin da ke ba ni mamaki ke nan game da Baba. Ya ba wata masaƙa a unguwar nan ƙuruciyarsa gaba ɗaya, aikin dare da na rana, har kunnensa ɗaya ya lalace da ƙarar injin. Aka rufe ta ina firamare, ya dawo gida da katin shaida da alkawari. Keken Mama ne ya ciyar da mu ya kuma biya mana kuɗin makaranta. Duk da haka a wurinsa mutum mai mutunci shi ne mai albashi. Na ce, "Baba, ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Na kawo masa misalin manzo Bulus, wanda ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida, ya haɗu da Akila da Bilkisu suna ɗinkin tanti, ya kuma gaya wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa. Na kawo Lidiya mai sayar da shunayya a Filibi, da Dokas ta Yafa da gwauraye suka riƙa nuna rigunan da ta ɗinka. Ita ce tawa, tela ce.

Baba ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce Yusufu fa, wa ya yi wa aiki? Fotifar, sannan Fir'auna. Daniyel ma'aikacin gwamnati ne a Babila, sarki ya tafi wani ya zo yana nan a ofis. Nehemiya mai miƙa wa sarki ƙoƙon sha ne, da izinin maigidansa ya je ya gina garun Urushalima. Ya ce, "Kada ki ɗora wa Allah abin da zuciyarki ta zaɓa."

Ya kayar da ni, kuma yana da gaskiya. Na ji masu wa'azi suna cewa albashi bauta ne, ɗan Allah kai ne ba wutsiya ba, kowa ya tashi ya zama shugaban kamfani. Ban yarda da su ba, ko da yake a watan da na ajiye aiki na ji daɗin jin su. Ban ga inda Littafi ya fifita shago a kan ofis ba. Na bar makaranta don maganar maki ta tsaya mini a wuya, i, amma har da son kuɗi, har da gajiya da a ce mini zo in zo. Na ɗauka zan zama ba ni da shugaba sai Ubangiji. Yanzu duk wadda ta shigo da yadi uku shugabata ce.

Abin da ban iya bayyana wa Baba ba, don rediyo ya fara labarai ya ɗaga mini hannu, shi ne wannan. A makaranta in na yi abin da bai dace ba ina da wurin ɓuya, in ce umarni aka ba ni. A shago babu wanda zan nuna. In na yanke kwata daga yadin mutum na ajiye, ni ce. In na sa shafi mai arha na caji na tsada, ni ce. Kuma tun ina Makarantar Lahadi nake roƙon abincin yini a Addu'ar Ubangiji, amma a zuciyata na wata nake nufi, kuma na san ranar da zai zo. Sai bana na fara faɗin wurin nan da yunwar gaske.

Magariba ta yi muka rufe ƙofa rabi, na zazzage jaka, na duba asusun waya. Duka duka 52,500. Adashen kuɗin haya 10,000 gobe. Albashin yarinyar 25,000, yau. Ga fetur, ga cefane, ga zakka da har yanzu ban gama sanin ko a kan ciniki ake fitarwa ko a kan riba ba. Na tambayi dattawa biyu, na sami amsa uku.

Sai tunanin ya zo, a hankali, da murya mai kama da hikima. Ki ba yarinyar 15,000, ki ce sauran sai an kawo cikon anko ranar Talata. Za ta ce ba komai, Anti. Ai ko dokar mafi ƙarancin albashi ta 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle ke mai mutum ɗaya. Na ji kalmomin suna jeruwa a bakina, na kuma gane su, don da su aka riƙa sallamata shekara bakwai. Ayar da na gudu daga gare ta da safe ita ce mai cewa ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. A da in na karanta, a layin masu kukan nake tsayawa. Ban lura da ranar da na sauya layi ba.

Na tura mata 25,000 cif. Wayarta ta yi ƙara a cikin aljihun siket, ta duba, ta ɗan rusuna ta ce, "Na gode, Anti, Allah ya ƙara buɗi." Ta ce za ta biya ta kemis ta sayo wa mamarta maganin hawan jini kafin a rufe. Ba ta san abin da na kusa yi ba, kuma ban ji ni wata gwarzuwa ba, don 25,000 a Kadunan yau ba abin fahariya ba ne. In Disamba ta yi kyau ya kamata in ƙara. Na rubuta a nan don kada in manta da gangan.

An kawo wuta tara saura. Na koma shago da tocila na yi wibin riguna shida kafin a sake ɗaukewa. Mai makaranta ta turo saƙo tana tambaya ko na yanke shawara, ban buɗe ba tukuna. Uwar Zumunta ma ta kira sau ɗaya ina kan keke. Wataƙila turmi biyun ne, wataƙila faɗa ne. Da safe zan kira ta, kuma wannan karon zan yi maganar 6,000.