Awa huɗun Umma

Talata.

Tun bayan sallar asuba Umma take riƙe da wayata tana kallon hoton tikitin Yaya. Ƙarfe goma na safe zai tashi daga Dubai, ya sauka Guangzhou goma saura na dare. Ta lissafa da yatsu, ta ɗago ta ce, "Awa goma sha biyu a zaune? Da ƙafar nan tasa mai kumburi?"

Na ce mata bai kai haka ba, Umma. Agogon Caina ya riga na Dubai da awa huɗu, don haka zaman jirgin bai cika awa takwas ba, tafiyar kilomita kusan 5,800 ce. Har na ɗauko taswirar makarantar Auta na nuna mata: ga Dubai a bakin ruwa, ga Indiya a tsakiya, ga Guangzhou can kudancin Caina, kusa da Hong Kong. Ta bi hanyar da ɗan yatsa a hankali. Sai ta ce, "To awa huɗun nan, ina suka tafi?"

Na ce ranar dawowa za a maido masa da su. A tikiti dawowar kamar awa huɗu da ɗan wani abu ce kacal, alhali ta fi zuwan tsawo, don iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas: mai zuwa tana tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita. Umma ta girgiza kai. Ashe ba lissafin ne ya dame ta ba. Azahar da la'asar take tunani, yadda rana za ta yi saurin faɗuwa a kan ɗanta yana ɗaure a kujera, ba ladan, ba wanda zai ce masa lokaci ya yi. Na ce ai matafiyi yana da rangwame, zai haɗa. Ta ce ta sani. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Dafa-duka da rana. Wuta ta zo sha ɗaya, ta tafi sha biyu. Ban yi guga ba.

Awa bakwai ne tsakaninmu da Caina, ke nan uku saura na rana a nan ya kamata ya sauka a Baiyun, filin jirgin Guangzhou. Ukun ta yi, huɗu ta wuce. Na san WhatsApp ba ya aiki a Caina, shi ya sa Yaya ya saka mini WeChat, manhajar saƙon da ake amfani da ita a can, kafin ya tafi, amma duk da haka ta WhatsApp na tura saƙon farko, don hannuna ya saba. Alama ɗaya ce har yanzu. WeChat ɗin ma shiru.

Tun rasuwar Baba, Yaya bai taɓa yin nisan da daren sa zai zama ranarmu ba. Yau ina wanke kwanukan rana, shi yana tsakiyar dare a garin da bai san kowa ba sai mutum ɗaya da zai tarbe shi.

Umma tana kan darduma tun la'asar. Sau uku ke nan tana tambayata ƙarfe nawa yanzu a can.