Wankan tsoho a sanyin Jos

Mutum shida ke aiki a ƙarƙashina, mata huɗu maza biyu, kuma sana'armu zama da tsofaffi a gidajensu. Yawanci 'ya'yan suna Abuja ko Kaduna ko ma Ingila, su turo kuɗi ta waya, mu kuma mu riƙe musu iyaye a nan Jos, daga Unguwar Rogo har Bukuru.

Mutane na zaton ba da magani ne babban aikin. Ina! Awon hawan jini da na suga, yarinya mai natsuwa cikin mako guda ta iya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ɓullo a ƙugu ko a dunduniya, in kuwa ya yi zurfi sai an kai shi asibiti. Wannan ma ana koyo.

Wanka shi ne tsaka mai wuya. Dattijon da ya shekara 80 ba wanda ya taɓa ganin tsiraicinsa, yau a ce wani yaro ya tuɓe shi, ya sa masa famfas? Shi ya sa ba na tura mace wajen namiji, ko namiji wajen mace, ko nawa za a biya.

Akwai wani Baba da ya yi kwana biyar yana korar yarona da sanda. Na ce wa yaron kada ya ƙara ambaton wanka, ya dai ɗumama ruwa ya ce, "Baba, ga ruwan alwala." Daga ƙafafu aka fara. Bayan mako biyu Baban da kansa yake cewa a rufe taga a kawo bokiti, amma zanen da ke cinyarsa ba a ɗagawa sai ya ba da izini.

Ga kuma hunturun Jos. A Disamba da Janairu ba ma wanka sai rana ta take, a shafe jiki da man kaɗe, a sa safa. Kaskon gawayi kuwa na hana a kwana da shi a rufaffen ɗaki, domin iskarsa tana kisa ba tare da mutum ya farka ba. Kan wannan mun sha faɗa da Hajiyoyi.

Maƙwabta kan yi gori, wai an ɗauko bare ya kula da uwa. Ni dai na lura masu gorin ba sa leƙowa ƙarfe biyun dare, lokacin canza shimfiɗa.