Ƙera murhun gashi mai ɗakin wuta a gefe: awo da aikin walda

Murhun nan da ya yi suna a jihar Texas ta Amurka sassa uku ne: ɗakin wuta a gefe, babban ɗakin da nama ke kwanciya, da bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen. Harshen wuta ba ya taɓa naman. Zafi da hayaƙi ne ke ratsawa ta kansa na tsawon sa'o'i har ya nuna. Saboda haka tun kafin ka kunna injin walda, ka sa a ranka cewa hanyar iska kake ginawa. In iska ba ta tafiya daidai, kyan walda ba zai hana naman ɗaci ba.

Fara da kaurin ƙarfe. Milimita 6 shi ne abin nema, musamman a ɗakin wuta. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe, ko ka buɗe ƙofa zafin zai dawo da wuri. Siririn ƙarfe irin na duro kuwa, iska kaɗan ta kaɗa sai zafi ya faɗi, ka wuni kana cusa itace. Kada ka kusanci ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na kwanon rufi, domin hayaƙinsa yana cutarwa in ya ji wuta. Haka ma duron da ya taɓa ɗaukar sinadari.

Mutane da yawa suna amfani da tsohuwar tukunyar gas, kuma a nan ne ake rasa rai. Tukunyar da ake ganin ta ƙare tana iya riƙe gas ɗin da tartsatsi ɗaya zai tayar. A cire bawul ɗin a fili, nesa da wuta, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa, a zuba sabulu, a bar ta ta kwana biyu. Yankan farko a yi shi da ruwan a ciki. Wanda bai saba da wannan aiki ba, gara ya sayi guntun bututu mai faɗi.

Ga awo. A ce babban ɗakin bututu ne mai faɗin santimita 50 da tsawon 100, cikinsa ya kai lita 196. Ɗakin wuta ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan, wato akwati mai santimita 40 ta kowane ɓangare, lita 64. In ya yi ƙanƙanta, wuta ba ta samun sararin ci. Kafar da ta haɗa ɗakunan biyu, a yanka ta kamar rabin wata, faɗinta kada ya gaza murabba'in santimita 200, kuma gefenta na sama ya tsaya ƙasa da ragar da nama ke kai. Kafar shigar iska a ƙofar ɗakin wuta, kamar murabba'in santimita 80, da marfi mai zamewa, ta kasance ƙasa da ragar itace don iska ta bi ta ƙarƙashin garwashi. Bututun hayaƙi mai faɗin santimita 10 ya wadatar. Ni na fi son a bar shi da tsawo, kamar santimita 70, tunda ragewa ta fi ƙari sauƙi. Bakinsa na ciki ya sauko daidai da ragar nama. In aka dasa shi can a ƙololuwa, zafi zai bi ta sama ya fice, naman na ƙasa bai samu rabonsa ba.

Ƙofar babban ɗaki ita ce ke ba masu ƙira ciwon kai. Bututu yana da ƙarfin da ke daƙile a jikinsa tun daga masana'anta, da ka yanke ƙofa gaba ɗaya sai ta buɗe baki ta ƙi komawa mazauninta. Dabarar ita ce ka yanka layin sama, ka walda hinji, sannan ka yanka sauran kana barin ɗan santimita biyu a kowace kusurwa. Kawo faffaɗan ƙarfe mai faɗin santimita 3 ka zagaye bakin ƙofar da shi, kana ɗiga walda nan da can, kana bari ya huce. Dogon layin walda a tashi ɗaya shi ke karkata ƙofa. Sai a ƙarshe ka yanke kusurwoyin.

Gefen da ke kusa da wuta kullum ya fi zafi. Farantin ƙarfe da aka karkata ƙasa a bakin kafar haɗi yana rage wannan. Ka huda ramin tsiyayar maiƙo a ƙarshen da ke nesa da wuta, ka ɗan karkata murhun can, ka rataya bokiti. Maiƙon da ya gangara ɗakin wuta gobara ce. Ma'aunin zafi kuma a sa shi daidai tsayin raga, ba a saman ƙofa ba.

Kunnawar farko ba nama. A hura wuta mai ƙarfi ta ƙone dattin ciki, a goge, a shafe cikin da man girki, a sake kunnawa na sa'a uku, waje kuma a yi masa fenti mai jure zafi. A lokacin ne za ka zagaya kana duba inda hayaƙi ke tsiyaya ka toshe. Zafin aiki tsakanin digiri 107 ne zuwa 135 a ma'aunin Salshiyas, da busasshen faskare na itace mai tauri, ba mai ƙaro ko fenti ba. Bututun hayaƙi a buɗe gaba ɗaya, da girman wuta ake sarrafa zafi. Hayaƙin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi. In ka ga fari mai kauri yana tuƙuƙi, ko itacen ɗanye ne ko wutar ta rasa iska, sai ka buɗe ƙofar ɗakin wuta har harshe ya kama sosai kafin ka mayar.