Keken Baba a bakin gareji

Ƙarar ta tashe ni da asubar wata Asabar a ƙarshen watan Afrilu. Na ɗauka bindiga aka harba a cikin gidan. Maiɗakina ta riƙe yara, ni kuma na sauka ina salati, na buɗe ƙofar da ke shiga gareji daga kicin. Ba kowa. Mota na nan, kwalaye na nan. Sai da na ɗaga kai na ga katon sifirin da ke kwance a saman ƙofar ya rabe gida biyu, da tazarar da yatsu uku za su shiga.

Shekarata ta biyu ke nan a jihar Minesota ta Amurka, wata na bakwai a wannan gida, kuma wallahi ban taɓa ɗaga ido na kalli abin nan ba. Ni dai na san in na danna rimot ƙofa ta tashi, in na sake dannawa ta sauka. Na danna a ranar, injin ya yi gurnani, ƙofa ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta koma.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, gaisuwar ɗaga hannu kawai ke tsakaninmu. Shi ma ya ji ƙarar. Ya shigo ya duba, ya ce kada in ƙara taɓa rimot, zan ƙona injin. A bakinsa na fara jin cewa ba injin ne ke ɗaukar nauyin ƙofa ba, sifirin ne. Injin jagora kawai yake yi. Ya ce irin wannan sifirin ana ƙera shi ne don buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, wato in gida na amfani da ƙofar sau huɗu a rana, shekara bakwai ta ishe shi. Tsatsa da sanyin hunturu kuma su ƙarasa shi. Na ce ko in sayo sabo in ɗaura da kaina. Ya dube ni ya ce wannan aikin yana karya hannu, yana fasa fuska, a bar wa masu shi.

Ya ja wata jar igiya da ke lilo daga sama, ita ce ke raba ƙofa da injin. Muka kama mu biyu muka ɗaga. Ban taɓa zaton faifan ƙarfe zai yi wannan nauyi ba, ya fi kilo 70. Ya maƙale ta da filaya a jikin layin ƙarfen da take bi, ya ce kada yaro ya gifta ta ƙarƙashinta. Mai gyara ya ce sai bayan la'asar zai iso, kuma in share masa wurin da zai kafa tsani.

To daga nan abin da ya hana ni barci ya fara.

Tun zuwana nake tara kayan da zan aika gida. Takalman yaran Yaya, jakunkunan makaranta, injin markaɗe na Inna, fitilu masu caji, barguna. Kwali a kan kwali, har da duro biyu. Kullum ina cewa wata mai zuwa. Na fito da su duka na jera a gaban gareji, na koma ciki da tsintsiya ina share gishirin narkar da ƙanƙara da tayoyin mota suka kwaso daga titi duk tsawon hunturu, wanda ya bushe ya yi fari a siminti. Ban san cewa a nan, in ƙanƙara ta narke, ranar Asabar mutane kan buɗe gareji su baza tsoffin kayansu a sayar ba.

Mota ta farko ta tsaya, ta biyu ta tsaya. Na fito na tarar da mutane suna ɗaga bargunan Inna suna jujjuyawa. Wata mata kuma ta dafa keken guragu da na jingine a gefe, sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Ta yi murmushi ta ce nawa zan bar mata.

Keken Baba ne. Na saye shi a watan Oktoba, lokacin da Yaya ya gaya mini ƙafafun sun daina ɗaukarsa, sai an riƙe shi ake kai shi bakin ƙofa ya sha iska. Na ce zan haɗa da sauran kaya a tafi da su gaba ɗaya, ya fi sauƙi. Baba ya rasu a watan Janairu. Allah ya ji ƙansa. Ban samu zuwa ba, kuma keken bai bar garejina ba.

Ban san me na ce wa matar ba. Na san dai muryata ta tashi, ta janye hannunta tana ba da haƙuri, sauran suka ajiye abin da ke hannunsu suka shige motocinsu. Ba ta yi laifin komai ba, na sani. Amma har yau in na tuna yadda ta dafa shi kamar kayan gwanjo sai ƙirjina ya yi zafi, kuma in na bi zafin sai in ga ba ita yake nema ba. Dattijon yana tsaye a farfajiyarsa, ya ga komai. Bai ce uffan ba. Ya je ya kawo kwali ya rubuta cewa ba na sayarwa ba ne, ya kafa a bakin hanya.

Mai gyara ya zo ya canza sifirin cikin awa ɗaya. Kafin ya tafi na sa shi ya nuna mini duk abin da ya kamata mai gida ya riƙa yi, don na ƙudura ba za a sake ganin cikin garejina a wannan hali ba. Ya ce a saki ƙofa daga injin a ɗaga ta da hannu zuwa rabi: in ta tsaya cak, lafiya; in ta zame ƙasa, sifirin ya gaji. A fesa man silikon ko farin giris a hinji da ƙananan tayoyin da sifirin kansa, sau biyu a shekara, amma layin ƙarfen tsumma kawai yake so, giris a wurin ƙura yake tarawa. Ya nuna mini idanun lantarki biyu da ke kallon juna a ƙasan ƙofa, masu hana ta sauka in wani abu ya gifta, ba su wuce inci 6 daga ƙasa ba. Ya ce tun 1993 doka ta wajabta irin wannan kariya a kan injinan da ake sayarwa a ƙasar, saboda yaran da ƙofa ta danne. Ya kwantar da katako a ƙasa ya rufe ƙofa, tana taɓa shi ta koma sama. Yarana biyu suna wasa a wurin nan kullum, ban taɓa gwadawa ba.

Washegari na ƙarasa sharar. Na wanke simintin, na canza robar gindin ƙofa da ɓera ya ci, na kwashe ragowar fenti da baƙin mai da mai gidan na da ya bari na kai wurin da ƙaramar hukuma ta ware, don a nan ba a zuba su a bola. Na kafa kanta a bango da hannuna. Da na gama na tsaya na danna rimot, ƙofa ta sauka shiru kamar ba ita ba. Na ji daɗi ƙwarai, na juya in nuna wa wani, babu kowa sai mota. Baba ne mutumin da zai so ganin wannan. Shi da ko kwaɗon ƙofa ya fara cijewa sai ya zauna da mai da tsumma har ya saki.

Da dare na kira Inna. Na gaya mata kaya za su taso cikin watan nan, na riga na yi magana da masu ɗauka. Ta tambayi yara, ta tambayi sanyi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, "Inna, akwai keken da na saya wa Baba."

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce, "Ka sako shi. Kawunka ma yanzu ba ya iya tashi."

Na ce to. Na sauka gareji na nemo igiya da babban kwali.