Turmin maman 'yan biyu ya biyo mu

Mun tashi fa. Shekara 9 cur a gida ɗaya a Kurna, rannan mai gida ya aiko wai zai ƙara kuɗin haya, ƙarin da ko mun yi yaya ba za mu iya ba, shi ke nan Abban yara ya shiga bin dillalai unguwa unguwa, wannan ya nuna maka gida ba ruwa, wancan ba wuta, kuma kowanne sai ka ba shi na mai kafin ma a zo maganar la'ada. Da ƙyar Allah ya haɗa mu da wani ɗan madaidaici a Rijiyar Zaki, ɗaki biyu da falo.

Haɗa kaya kam wallahi sai wanda ya yi. Sati biyu ina naɗe kwalla da kumbo cikin tsofaffin zannuwa, jakar bakko ta cika ta yage, yara na ta shiga kwalaye, ni kuma baya kamar zai tsinke. Ga kuɗin mota, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ai akori-kura ma ta zama sai an shirya, dole muka matse komai ya shiga sahu biyu.

Amma a kicin ne jikina ya yi sanyi. Ina fito da kaya sai ga rariyar da ba tawa ba, ga ludayin Inna ta ɗakin ƙofa, ga kwanon sha na amarya da ta aiko min da kunun tsamiya tun azumin bara. Na aiki babbar 'yata ta mayar, sai ga ta ta dawo hannu biyu cike, wuƙata, faranti uku, har da kulata da na ɗauka ta ɓata tun sunan auta. Na zauna a kan bokiti ina kallonsu, hawaye kawai. Ashe shekarun nan duk kayanmu a cakuɗe suke, ban ma san iyakar nawa ba. Da ina ganin zaman haya zaman haƙuri ne kawai, ana layin banɗaki ana faɗan yara ana cacar baki kan kuɗin wuta, ashe dangi na yi ban sani ba.

Ranar tashi na bi ɗaki ɗaki neman yafiya. Inna ta riƙe hannuna ta ce "'yar nan ba ki min komai ba, ni ce ma zan ce ki yafe ni, Allah ya sa gidan albarka ne", daga nan ban iya cewa komai ba. Muka bi ta Ƙofar Ruwa, Tal'udu, Kabuga, ina gaban mota rungume da madubi kar ya fashe.

Daren farko ko labule ba mu saka ba, Abban yara ya karanta Suratul Baƙara muka shimfiɗa katifu a falo. Da safe ina warware kaya sai ga turmin maman 'yan biyu, 'yan dako sun haɗa da shi. Na kira ta ina ba ta haƙuri, ta ce "Yaya ki bar shi a nan, ranar Juma'a zan zo ɗauka in ga ɗaki". Na san ba turmin ne zai kawo ta ba. Na dai riga na jiƙa gero, kuma ɗazu maƙwabciyar nan da ban ma san sunanta ba tukuna ta leƙo ta yi mana barka da zuwa, ta tafi da tsintsiyata aro.